Minti bakwai na labaran gem: kundin aiki daga Katsina

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

An ba ni minti bakwai a mako. Wani gidan talabijin a nan cikin Katsina yana da shirin matasa na rabin awa, suna son buɗe sashe kan wasannin gem, na waya da na akwati irin su PlayStation. Nawa shi ne rubuta abin da mai gabatarwa zai karanta. Ba ni zan fito a allo ba, kuma hakan ya yi mini daidai. Hajiya furodusa a tsaye ta gindaya mini sharuɗɗanta, mukullin mota a hannu: kada rubutu ya wuce lokacinsa, kada in cika shi da Turanci, kada kuma wani uba ya bugo waya ya ce muna koya wa ɗansa caca. Za a ɗauki shirin gwaji kafin ƙarshen shekara. In ya yi, a fara sa shi a Janairu.

Kafin in ɗora alƙalami, abin da na zauna ina juyawa shi ne wa zai kalla. Yaron da ke buga wasan waya irin su Free Fire ba ya jiran talabijin ta kawo masa labari. Kafin mu kunna fitilun situdiyo ya riga ya gani a TikTok, ya tura guruf, sun yi musu sun gama. Waɗanda ke gaban akwati bayan sallar isha'i su ne maigida da rimot a hannu, da uwargida tana ninke kaya tana saurare da kunne ɗaya, da ƙananan yaran da ba a saya wa waya ba tukuna. Kuma iyayen nan su ke biyan kuɗin data da kuɗin gidan gem, ba tare da sun san abin da ake yi da su ba.

Don haka mai rimot zan rubuta wa. Sharaɗi ɗaya na ƙara wa kaina: in ɗan gem ya gifta ta falo ya ji, kada ya samu abin dariyar da zai yanka ya ɗora a status.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Labarin buɗewa ya kawo kansa. Ran 29 ga Satumba aka sanar da yarjejeniyar sayen kamfanin Electronic Arts kan dala biliyan 55. Masu sayen uku ne: asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya da ake kira PIF, da kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin shugaban Amurka. Jaridun waje duk sun kama labarin ta wajen hannun jari da bashin dala biliyan 20 da za a ciwo a cike kuɗin. Wannan ƙofar ba ta Bakatsine ba ce. Shi Electronic Arts bai taɓa jin sunansa ba, amma ya san Saudiyya, ya san Newcastle, ya kuma san akwai wata aba wai ita FIFA da ke hana ɗansa dawowa da aike a kan lokaci.

Takardar talabijin gida biyu ake raba ta. Hagu abin da ido zai gani, dama abin da baki zai faɗa. A hagu na sa: hannun yara riƙe da hannun gem, sai rigar Newcastle, sai adadin kuɗin a rubuce. A dama ga abin da na tsaya a kai:

"Jama'a, ƙwallon nan da yaranku ke bugawa a gidan gem, wadda suke kira FIFA, kamfanin da ke yin ta zai koma hannun sababbin iyayen gida. Babba a cikinsu asusun gwamnatin Saudiyya ne, shi ne dai wanda ya sayi ƙungiyar Newcastle ta Ingila a 2021. Kuɗin cinikin dala biliyan 55 ne. A canjin wannan makon sun kai kimanin naira tiriliyan 80, wato sun zarce kasafin kuɗin Najeriya na bana gaba ɗaya. An yi ciniki, amma kaya ba su canja hannu ba tukuna, sai masu hannun jari da hukumomi sun amince."

Kasafin bana tiriliyan 54.99 ne, na sake dubawa kafin in sa. Jimlar ƙarshe ce ta fi muhimmanci a wurina, domin a majalisar mai shayi tuni an gama sayar da kamfanin, har an fara raba riba.

Sai maganar suna. Tun 1993 kamfanin ke amfani da sunan FIFA, suka rabu da hukumar ƙwallon bayan FIFA 23, daga 2023 wasan ya koma EA Sports FC. Na bana, FC 26, ya fito ran 26 ga Satumba. Amma kaf Katsina ba wanda ya daina cewa FIFA. Mai gabatarwa zai faɗi sunan gaskiya sau ɗaya, daga nan ya bi bakin gari.

Asabar, 18 ga Oktoba

Bayan la'asar muka je wani gidan gem a lungu ta wajen Ƙofar Ƙaura, ni da mai ɗaukar hoto. Shago ne guda, labule mai kauri a ƙofa, takalma jibge a waje. A ciki talabijin huɗu jere a bango, benci biyu, fanka ɗaya tana juyawa tana raba wa kowa zafinsa. Akwatunan PlayStation ne, PS4 uku, sai wata tsohuwar PS2 a kusurwa da aka bar wa ƙanana, wayar hannunta an naɗe ta da salatif har ta yi ƙulu. Ita PS2 a shekarar 2000 ta fito, Sony ya ce ya sayar da sama da miliyan 160, ba akwatin gem ɗin da ya kai ta kasuwa. Ta girmi duk wanda ke kan bencin nan.

Mai shagon yana ganin kyamara ya miƙe. "Malam, mi za ku yi da hoton? Ni dai abinci nike nema." Sai da na zauna na karanta masa rubutun Saudiyya daga wayata kafin ya saki jiki. Ya yarda, bisa sharaɗin ba fuskar yaro, ba allon shago. Wannan dama shi ne namu sharaɗin, don ba za mu sa ɗan mutane a talabijin ba tare da izinin iyayensa ba. Hannuwa muka ɗauka da ƙeya da allo. Hoton ma ya fi kyau a haka: yatsu suna rawa a kan maɓallai, wani ya ci ƙwallo ya buga cinyarsa.

A jikin bango akwai kwali da aka rubuta dokoki da maka: ba bashi, ba zagi, ba caca, ba ɗan makaranta da yunifom, ana rufewa lokacin salla. Na ce wa mai hoto ya tsaya a kansa sosai. Uban da bai taɓa ɗaga labulen nan ba yana da nasa hoton a zuci, kuma babu wannan kwalin a ciki.

Na tambayi mai shagon wane labari zai so ya ji a talabijin game da sana'arsa. Ko tunani bai yi ba ya ce kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 lissafinsa ya koma na janareta: in an ɗauke wuta, kowane wasa da lita ake auna shi. Yana tara kuɗin sola. Bayan mai, sai hannu. Hannun gem in ya tsufa sandarsa takan fara ja da kanta, ɗan wasa ya riƙa gudu gefe ba wanda ya aike shi, yaro ya ce an cuce shi ba zai biya ba. Ya nuna mini kwali cike da matattun hannuwa a ƙarƙashin tebur, yana cire kayan wannan ya gyara wancan. PS5 Pro, da Sony ya fitar a Nuwamban bara, ya ce ko sau ɗaya ba a taɓa tambayarsa ita ba.

Wani abin kuma: ba kowa ke FIFA ba. Akwai 'yan PES, wani wasan ƙwallon daban, kuma ba sa haɗa benci. Konami na Japan ya canja wa wasan suna zuwa eFootball a 2021, ya mai da shi kyauta a sauke, shi ya sa ya cika wayoyi. A shago kuwa tsohon PES ake bugawa har yanzu, a kai wa wani mai gyara a kasuwa ya loda sababbin 'yan wasa da filashi. Wannan ɓangaren na ji shi, amma ba zai shiga takarda ba. Ba aikin gidan talabijin ba ne koya wa mutane yadda ake zagaye mai kaya.

Na fito da tsarin sashen a kaina. Labarin waje guda ɗaya tak, kuma sai wanda yake da igiyar da ta iso Katsina. Sauran lokacin na aljihu ne da na gida.

Laraba, 22 ga Oktoba

Gwajin karatu da mai gabatarwa. Saurayi ne mai murya, ya iso daga rediyo, amma yana da saurin baki. Na riƙe agogon waya yana karantawa ina sa alama a duk inda numfashi ya yanke masa. Duk jimlar da ta sa shi shan iska a tsakiya na datse ta biyu.

Na'urar da ke nuna masa rubutu a jikin kyamara ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, akwatuna take fitarwa a madadinsu. Mai kula da ita ya ce a rubuta da k da d da b kawai, ai kowa ya gane. Na ƙi. Mai karatu kai tsaye ba shi da lokacin tsayawa ya yi canke. Muka canja nau'in harafin a kwamfuta, suka fito. Lambobi kuma a takardarsa da kalmomi nake rubuta su, dala biliyan hamsin da biyar, don in ya ga sifili jere sai harshe ya koma Turanci ba shiri. Sunayen kamfanoni na rubuta masa yadda ake furta su a gefe da jan biro.

Ya roƙe ni in bar shi ya ɗan saka Katsinanci. Na ce a gaisuwa da sallama ya sake, a cikin labari ya riƙe daidaitacciya, tun da har Daura da Dutsin-Ma da Funtuwa ake son a kalla.

Talata, 28 ga Oktoba

Yau ranar caca ce, kuma ta ci yini.

Sashen talla ya kawo albishir cewa an samu mai ɗaukar nauyin shirin. Da aka buɗe takarda, wani shagon cacar ƙwallo ne. A wurinsu duk ɗaya ne, matasa da waya da ƙwallo. Hajiya ta mayar da takardar ba tare da ta tambayi ko nawa ne ba. Da an karɓa, da duk abin da zan rubuta a raba gem da caca ya tashi a banza tun kafin a fara, tallan da ke gefen allo ya ƙaryata ni.

Sai dai raba su ɗin ma ba a yi shi da wuƙa ɗaya. In na fito na ce babu caca a gem ko kaɗan, na yi wa iyaye ƙarya. A cikin FC akwai sashen da ake kira Ultimate Team, inda mutum ke haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa. Ana iya sa kuɗi na gaske a sayi maki, da makin a sayi ƙunshin katuna, kuma ba ka san wa ke ciki ba sai ka buɗe. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan tsari a 2018 ta ce caca ne a dokarsu, har kamfanin ya daina sayar da makin a ƙasar a farkon 2019. Wasu ƙasashen ba su ɗauke shi haka ba. Wasannin waya ma suna da irin nasu makin, Free Fire da dayamon, PUBG da UC, a juya a ga abin da ya faɗo. Ga yadda na sa shi a bakin mai gabatarwa:

"Buga wasan kansa ba ya buƙatar wannan kuɗi. Amma a ciki akwai shago, kuma wani kayan shagon kamar ƙulli ne a baƙar leda: ka biya tukuna, sannan ka kwance ka ga rabonka. In yaro ya ce a ba shi katin banki zai sayi dayamon, a tambaye shi: abin da ka gani za ka saya, ko abin da ba ka gani ba?"

A bayansa na sa abin da za a iya yi a daren nan: a shiga saitin Play Store a sa sai da kalmar sirri ko yatsa kafin a sayi komai, a cire katin da aka bari maƙale a waya. Sai gargaɗi kan masu turo linki wai dayamon kyauta, su karɓe akawun ɗin yaro, wani lokacin har da lambar da banki ya turo.

Akwai kuma al'adar gidan gem ta wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa. Mai gabatarwa ya ce ai wannan ba caca ba ce, kuɗin wuta ne. Edita ya ce malaminsu ya hana. Hukunci ba nawa ba ne, ba kuma zan sa fatawa a bakin ɗan jarida ba. Na rubuta shi cikin tambayoyin da za a kai wa malami in shirin ya tsaya da ƙafarsa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Daren jiya kamfanin Rockstar ya sake ɗage ranar fitar da sabon wasansa, GTA VI. Da farko an ce 2025, aka mai da shi 26 ga Mayu, 2026, yanzu kuma 19 ga Nuwamba, 2026. Na baya, GTA V, tun 2013 ya fito. Wayata ta cika da saƙon samari, kowa na cewa wannan shi ne babban labari, dole ya buɗe shiri.

Labari ne, ban musa ba, amma yana da matsala biyu a nan. Ta farko hoto. Tallan wasan na farko, na Disamban 2023, a wani gari aka kafa shi da aka kwaikwayo daga Miyami, bakin teku da gidajen rawa da shigar da ba za ta hau allo a Katsina ba ana zaune da surukai. Na zauna da edita muna neman daƙiƙa goma masu tsabta a jere, muka samu faɗuwar rana da titi da kada. Tambarin wasan kawai za mu sa. Ta biyu, a PS5 da Xbox Series aka ce zai fito, shagunan da na shiga kuwa PS4 suke ja. Ɗagewar ba ta taɓa kowa a lungun Ƙofar Ƙaura ba.

Abin da ya taɓa su shi ne tsohon GTA da ke nan a shaguna da wayoyi, yara 'yan firamare suna satar mota suna tsere wa 'yan sanda. A jikin kwalinsa akwai lamba 18. Wannan lambar ta tsarin Turai ce mai suna PEGI, matakinsa biyar: 3, 7, 12, 16, 18. Ba wahalar wasa take aunawa ba, shekarun da abin da ke ciki ya dace da su take nunawa. Na tambayi iyaye da dama a unguwarmu, duk wanda ya taɓa lura da lambar ya ɗauka kashi na nawa ne, kamar na fim. Sai na ba ɗagewar daƙiƙa ashirin, na ba lambar minti ɗaya da rabi, da hoton kwali a kusa har a ga kusurwar da take. FC 26 lamba 3 gare shi, duk da shagon da ke cikinsa, don haka na haɗa da cewa ƙaramar lamba ba ta nufin aljihu ya tsira.

Samari za su ce na kashe musu labari. Sun riga sun ji shi tun jiya.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Kwango ta fitar da Super Eagles a bugun fenariti jiya a Rabat, babu mu a kofin duniya na 2026. Ofis shiru. Mai gabatarwa ya kawo shawarar a sa yara biyu su sake buga wasan a gem, mu rama a allo. Na ce a bari, ciwon bai huce ba.

Abin da na ɗauka daga hirar shi ne gasar Firimiyar Najeriya ba ta cikin FC 26. Za ka samu Osimhen da Lookman a ƙungiyoyinsu na waje, amma babu Katsina United. An ce mini akwai wani yaro a Sabon Layi da ya zauna ya ƙera ƙungiyar da hannunsa a cikin PES, riga da sunaye da komai. In iyayensa sun yarda, shi ne baƙonmu na farko.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Hajiya tana son sashe kan yaran da gem ya ɗauke wa hankali, kuma kalmar da ta zo da ita annoba. Na ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, in muka ce annoba gobe za a fasa wayoyi a gidaje, jibi kuma ba yaron da zai ƙara yarda da mu." Ta ce to in kawo abin da ya fi.

Abin da ke akwai tabbatacce shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ba da yawan awanni ta auna ba. Alamomin su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, har abin ya taɓa karatu ko aiki ko zaman gida, kuma yawanci sai an ga haka na tsawon wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga masu buga gem abin ke kaiwa nan. Na rubuta shi a matsayin tambayoyin da uwa za ta yi wa kanta: yana barci? yana cin abinci tare da mutane? makaranta da islamiyya fa, sun ja baya? in an ce ya ajiye, fushin minti biyar ne ko na kwana uku? Za mu nemi likitan ƙwaƙwalwa ya zauna a situdiyo, don wannan ba maganar da marubuci zai rufe shi kaɗai ba ce.

Muna cikin wannan wayarta ta yi wata 'yar ƙara da na sani. Candy Crush ce, ta wuce matakin da ni ban san akwai shi ba. Na ce ai ita ma 'yar gem ce, kuma kamfanin da ya yi wasan yanzu na Microsoft ne, yana cikin cinikin Activision Blizzard na kusan dala biliyan 69 da aka kammala a Oktoban 2023. Ta ce wannan ba gem ba ne, hutun ƙwaƙwalwa ne. Dariyar da aka yi ta ba ni sashe guda: mata da ke buga Ludo da Candy Crush a cikin gida, waɗanda ba wanda ke lissafa su in ana maganar 'yan gem.

Labarin aljihu na shirin gwaji data ce. A Janairun bana hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Buga wasan a intanet ba shi ke cinye data sosai ba, sabuntawa ce, wadda kan sauko da kanta cikin dare a wayi gari ba ko sisi. Mai gabatarwa zai riƙe waya a gaban kyamara ya nuna inda ake kashe sabuntawar.

Asabar, 6 ga Disamba

Daura. Hazo ya sauka, mai hoto yana ta goge gilashin kyamara da gefen rawaninsa. Dara muka je ɗauka. A wata inuwa ba nisa da rijiyar Kusugu muka samu dattawa sun haƙa gidajensu a ƙasa, talatin, layi biyar gida shida-shida, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke wancan dutse. Mai jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. 'Yan kallo sun fi masu wasa zafi, kowa na ganin kuskuren da mai hannu bai gani ba, ana ta habaici.

Na durƙusa na gaida wanda ya fi manyanta. "Baba, talabijin ce, muna son mu nuna wa yara wasanku." Ya ce, "Ɗana, ku nuna musu, amma ku ce musu mu ba mu sayen mai." Wannan jimlar ta shiga shiri yadda take.

Dalilin sa dara ba don a ce na da ya fi na yanzu ba ne. A gasar wasannin gem ta duniya da aka yi a Riyad daga Yuli zuwa Agustan bana, wadda kyaututtukanta suka haura dala miliyan 70, an sa ces, darar Turawa, cikin wasannin, Magnus Carlsen na Nowe ya lashe, ƙungiyar Falcons ta Saudiyya kuma ta sake zama zakara kamar bara. In wasan allo na dattawan wasu ya hau wannan dandali, tambayar da zan bar wa masu karatun kwamfuta a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin Hassan Usman ita ce wa zai sa dara a waya da muryar Hausa da habaicinta. Ba mafarki ba ne: Maliyo Games na Legas tun 2012 suke yin wasannin waya, a 2024 har Disney ya ba su aikin wasan Iwájú, 'yan Kiro'o na Kamaru kuma sun fitar da Aurion a 2016.

Mai hoto ya ce labarin Bayajidda da macijiya ma ai gem ne a shirye. Wataƙila. Amma tarihin masarauta ne mai masu shi a raye, ba zan jefa shi cikin minti bakwai a matsayin shawara ba tare da an je an yi sallama a fada ba.

Juma'a, 12 ga Disamba

Da asubahin yau aka gama bikin kyaututtukan gem na shekara a Los Anjalas. Wani wasan Faransawa, Clair Obscur: Expedition 33, shi ya zama gwarzo. Na tambayi mai shagon Ƙofar Ƙaura ta waya, ya ce a maimaita sunan. Layi ɗaya zai samu a rubutun da ke gudu a ƙasan allo.

Talata, 16 ga Disamba

An ɗauki shirin gwaji jiya. Ya fito minti takwas da 'yan daƙiƙu, dole a rage. Edita ya so a cire kwalin dokoki, na ce a cire bayanin rabuwar FIFA da kamfanin, ya koma rubutu a ƙasan allo. Hajiya ta goyi bayana a wannan, ta kuma yanke mini rabin gasar Riyad, ta ce dala ta yi yawa a shiri ɗaya. Da gaskiyarta.

An kira masu gadi biyu da mai shara da wani direba suka kalla a ɗakin edita, su ne ma'auninmu. Direban bai ce komai ba sai da aka zo lamba 18, ya ce a mayar baya, ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Ɗaya mai gadin ya tambaya ko Saudiyyar za ta sa a cire kiɗa daga wasan. Ba wanda ya sanar da hakan, don haka ba abin da zan rubuta a kai. Sashen data ne bai zauna ba: mai gabatarwa ya yi saurin danne-danne, ba wanda ya bi. Za a sake ɗaukarsa da kyamara a kan wayar kawai, mataki-mataki, da wayar Tecno ko itel irin wadda ke hannun mutane.

Abin da ya rage kafin Janairu: amsar iyayen yaron Sabon Layi, ranar da likita zai samu zuwa, da mai ɗaukar nauyi, inda yanzu ake magana da wani mai sayar da kayan sola. Gasar kofin Afirka za ta fara a Maroko ran 21 ga wata, gidajen gem za su cika da masu buga wasan dare tun da rana, don haka kashi na biyu a can za a ɗauke shi. Na fara rubuta gidan hagu na takardar. Alhamis zan koma shagon in ji ko zai bar mu mu kafa fitila ɗaya a saman benci.